Yadda ake killace barandar bene don shan hantsi a Jamus

A Jamus, inda wasu 'yan haya ke shan hantsi ba tufafi a barandarsu, wata hanyar kare kai daga idon jama'a ita ce a ɗaura asabarin gora ko yadi mai kauri a jikin ƙarfen baranda, wanda tsayinsa yakan kai kusan mita 1, domin wannan ya isa ya suturta wanda ke kwance daga masu wucewa a titi. Matsalar gaskiya tana wajen maƙwabtan hawan sama, kuma su sai lema mai karkata, ko da za ta rage ranar. Yana da muhimmanci a nemi izinin mai gida kafin a huda bango, sannan a ɗaure asabarin tam saboda iska.