Babanmu kafinta ya rasu ya bar kayan aikinsa, ku ya kuka yi da na naku?

Ɗan kafinta:
Assalamu alaikum jama'a. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa kwanakin baya. Kafinta ne tun yana saurayi har ƙarfi ya ƙare, da zarto da guduma ya ciyar damu ya kaimu makaranta, kuma ban taɓa jin an yi masa sallama a ƙofar gida kan ya cinye kuɗin aikin wani ba. Gadon da Mama take kwana a kai yanzu haka shi ya haɗa tun kafin a haife ni, babu ƙusa ko ɗaya a jiki, rami yake fafewa a wannan katakon ya sassaƙa harshe a wancan ya sa gam ya ɗaure, har yau ko motsi baya yi. To cikinmu babu wanda ya gaji sana'ar, shi da kansa ya dage sai mun yi karatu. Akwatin kayan aikin na nan a ɗaki, yayanmu yace a sayar, ƙanwata kuwa da an taɓa maganar sai kuka. Waɗanda suka shiga irin wannan dan Allah ya kuka yi?

'Yar tela:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Nawa baban tela ne, wallahi da ƙarar keke muke barci muna yara, sai ya gama na mutane tsaf sannan cikin dare ya ɗauko yunifom ɗinmu, wanda ya yage ya faci wanda ya ɗage ya saki ƙasan, ba mu taɓa zuwa makaranta da maɓalli a cire ba. Keken nasa Singer ce baƙa mai feda, ni na riƙe ta. Wani mai gyara ne ya nuna min lambar da ke jikinta yace da ita ake gane shekarar da aka ƙera, kuma irin tawa waɗanda sunan samfurinsu ke da harafin K, kamar 15K, daga masana'antar Clydebank ta Sukotland suke, wadda aka rufe tun 1980. Kun ga kenan masana'antar ta mutu keken bata mutu ba. Amma gaskiya da na ajiye ta kawai ina kallo sai ta fara ƙagewa, dole na koyi ɗinki ko dan ita, yanzu ni nake wa yarana facin kaya a kanta. In kuna da irinta kar ku kuskura ku ɗiga mata man girki, daskarewa yake ya zama danƙo, man keke kawai.

Tsohon yaron shago:
Ɗan'uwa ina maka ta'aziyya. Ni ba ɗa bane, yaron shago ne, amma maigidana uba ne a wajena dan tare da 'ya'yansa ya riƙe ni, in ya sayo musu takalmi har da ni. Mutumin nan ko za ka shekara kana roƙonsa ba zai yi maka aiki da ɗanyen katako ba, yace in ya bushe tsukewa yake, ƙofa ta karkace, tebur ya buɗe baki a tsakiya, sannan a ce kafinta ne bai iya ba. Sai ya jera katakon a inuwa ya sa 'yan sanduna tsakani dan iska ta ratsa. Kwastomomi da yawa sun yi fushi sun tafi, yawancinsu sun dawo. Da ya rasu iyalansa suka kira ni suka miƙa min zartonsa da sukwaya, na kasa cewa komai a gabansu. Shawarata ku duba cikin yaran da Baba ya koya wa aiki, akwai wanda yake da hannu amma bashi da kayan aiki, ba za a rasa ba.

Uwar marayu:
Ɗana bari in faɗa maka nawa ko da bai yi wa wasu daɗi ba. Maigidana makaniki ne, ya rasu ya bar ni da yara ƙanana, na sayar da kayan aikinsa kaf na biya musu kuɗin makaranta. Wasu sun yi ta surutu wai ban san darajarsa ba. Ni na zauna da shi, na san mutumin da zai dawo hannu duk baƙin mai ya wanke ya zauna yana duba littattafan yaran nan ɗaya bayan ɗaya alhali ido na rufewa dan gajiya, da yana raye da kansa zai sayar. Sifana ɗaya na ajiye wa babban, wadda hannun babansu ya cinye mariƙinta. Kar ku ga laifin yayanku, ku fara tambayar mahaifiyarku ko da abin da take buƙata, ita ake mantawa a irin wannan maganar.

Ɗan kafinta:
Na gode Mama, wallahi babu wanda ya tambaye ta cikinmu, yau zan zauna da ita. Maigida mai shago, zarton ya fara tsatsa, zai gyaru kuwa?

Tsohon yaron shago:
Zai gyaru sosai in dai bai ci rami ba. Ka cire mariƙin katakon, ka goge ƙarfen da sanfefa mai laushi, ka shafe shi da ɗan mai, kuma ka ɗaga akwatin daga ƙasa saboda danshi da gara. Haƙoran kam kar ka taɓa su, da magagari ake wasa su ɗaya ɗaya kuma kowanne da ɓangaren da aka karkatar da shi, wanda bai iya ba lalata zarton zai yi, ka kai wa kafinta.