Bashin korona: in sayar da san huɗa in biya, ko in jira?

Manomin Fadama: Assalamu alaikum. A 2020 na samu naira dubu 450 daga cikin biliyan 50 ɗin nan da Babban Bankin Najeriya ya ware lokacin korona, na zuba a noman rani. Yanzu saƙo sai faɗowa yake a waya, wai in biya. Ba ni da hatsi a rumbu, shanun huɗa biyu ne kawai, ga damina ta ƙarato. In sayar da ɗaya in sauke nauyin, ko in jira ko gwamnati za ta yafe?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Ka fitar da masara buhu goma ka biya mana.

Manomin Fadama: Malam, na ce rumbun wayam yake.

Mai Tumatir: Jira? Ni na jira, ɗan uwa. Wani yaro mai kwamfuta a garinmu ne ya cike min fom, ya rantse min tallafi ne, ba biya. Dubu 500 ta shigo, ya yanki 150 ladansa. Sauran na zuba a tumatir. Ana cikin kulle direbobin kudu suka ƙi lodi, ina zaune bakin titi kwanduna na tsiyayar ruwa, ƙuda ya rufe su baƙi ƙirin. Bara ƙanina ya turo kuɗin kayan ɗakin 'yata ta wani asusun daban. Da asuba na duba, an kwashe a bakin bashin. BVN ɗinka, wato lambar shaidarka ta banki, ɗaya ce, duk bankin da ka ajiye za a bi ta. Uwar yarinyar har yau gani take ni na ci kuɗin. Shi kuwa yaron, sabon babur yake hawa, har gaishe ni yake.

Hajiya Mai Kiwo: Allah ya mayar da alheri. Amma Baba, ba ka karanta takardar ba?

Mai Tumatir: Hajiya, da turanci take. Yatsa na dangwala.

Dillali: Sa mai kyau yanzu ya kai dubu 900. Sayar, ka biya, canjin ka yi hayar huɗa.

Ɗan Fulani: Wace kasuwar? Makon jiya na sayar da bijimi dubu 620, da ƙyar. Ka jira gab da babbar sallah. Mu dai makiyaya ko sisi ba mu gani ba, yawancinmu asusun banki ma babu.

Dillali: Naka ramamme ne. Shekara ashirin ina cikin kara.

Ɗan Fulani: Shi ya sa ba a neman shawarar dillali, la'adarsa yake hange.

Baƙon Amurka: Nan abin daban ne. A Afrilun 2020 ma'aikatar noma ta Amurka ta ware dala biliyan 16 don a raba wa manoma da masu garken shanu kai tsaye, ba rance ba. A lokacin, mutum ɗaya yana iya samun har dala dubu 250.

Ɗan Birni: To Alhaji, turo masa dala 300 a rufe zancen 😂

Malamin Unguwa: Ba wanda ya taɓo maganar kuɗin ruwa. Kashi 5 aka fara, da sharaɗin zai koma 9. Bashi hanji ne, ka biya ka huta.

Hajiya Mai Kiwo: Malam, in ya sayar da sa ɗaya, da wa za a ɗaura wa ɗayan karkiya? Da kai?

Mai Tumatir: Ku bar ma wannan. Kun manta Oktoban 2020, da aka fasa rumbunan kayan tallafi aka tarar da abinci jibge? Mu a ƙauyenmu taliya ƙulli biyu aka ba gida mai mutum goma sha ɗaya.

Dillali: Ku kun ma samu. Takin da aka rubuta sunayenmu fa? Har hoto aka ɗauke mu riƙe da buhu, aka karɓe abinsu.

Ɗan Fulani: Nawa buhun yuriya a wajenku yanzu?

Manomin Fadama: Jama'a, san fa? Gobe ce kasuwarmu.