Iska ta ƙi fita daga lagireton Peugeot 406 ɗina

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana mota, ku taimaka mini. Makon jiya na canza tiyon ƙasa na lagireto, na zuba sabon ruwan sanyaya inji. Tun ranar, allurar zafi sai ta hau ta sauka, hita kuma iska mai sanyi take hurawa.

Na kwance 'yan kusoshin fitar da iska, na ɗaura gora a bakin tankin ruwan sanyaya inji don ruwan ya yi bisa, na bar injin yana aiki har fanka ta tashi sau 2. Har yanzu kumfa na fitowa, tiyon sama kuma ya yi tauri tun injin bai ɗumi ba. Abin da ke tsorata ni ke nan.

Ragowar iska ce, ko gasket ɗin kan inji (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa) ya ƙone? Yaya zan bambance kafin a buɗe kan inji? Da motar nan nake ciyar da iyalina.