Me za mu kira RV da Hausa? Ni dai na tsaya kan "tafi-da-gidanka"

Jama'a barkanmu da warhaka. Masu fassara labaran Amurka da masu bin bidiyon mutanen can da ke zaune cikin mota, ku matso kusa. RV ɗin nan, motar da aka yi wa gado da kicin da banɗaki a ciki, har yau kowa da sunan da yake kiranta. Ina so mu tsayar da magana ɗaya.

Wasu na rubuta "motar shaƙatawa", tunda abin da haruffan biyu ke nufi ke nan a Turanci. Ban gamsu ba. Ga mai fita hutun mako guda, to, ta yi. Amma akwai ɗimbin mutanen da suka sayar da gida ko suka bar haya suka tare a cikinta dungurungum, wasu 'yan fansho ne, wasu tsadar haya ce ta koro su. Duk hunturu sukan cika hamadar Quartzsite a jihar Arizona, inda hukumar filayen gwamnatin tarayya ke ba da izinin dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Wanda ya share wata bakwai a wuri yana girki yana wanki, zama yake yi.

Malam, na ga shawararka ta "motar gida", na gode. Sai dai an riga an kama ta: ita ce motar da maigida ke kai yara makaranta. "Gidan mota" kuwa gareji ne zai fara faɗo wa mai sauraro a rai.

Kalmar da muke nema tana bakinmu tun tuni: tafi-da-gidanka. Mun ba wa waya aronta, mun ba wa kotun da ke bin masu karya doka har bakin titi. Yanzu waya ta samu nata suna, wayar hannu ko salula. Cikin duk waɗanda suka ari kalmar, wa ke tafiya da gida na gaske, da tukunya da katifa da buta? Ita dai wannan motar. Kuma haka Bahaushe ya saba raɗa wa abin hawa suna, da jimla guda: a-kori-kura, a-daidaita-sahu.

Hajiya ta tambaya, in mace ce mai motar sai a ce "gidanki"? A'a Hajiya, irin wannan suna a ƙame yake. Ko mace ce ta sayi tangaran, faɗi-ka-mutu ne sunansa. Jam'i kuma motocin tafi-da-gidanka. Wadda ba ta da inji, sai wata mota ta ja ta, kamar masu jikin alminiyam ɗin nan na kamfanin Airstream, tirelar tafi-da-gidanka ke nan.

Abin da ya sa na nace sai "gida" ya fito a sunan: mai saye da ya ɗauke ta mota kawai, inji zai tsaya dubawa, alhali yoyo ne babban abin da ke cinye ta. Rufinta cike yake da mahaɗai, wajen na'urar sanyaya ɗaki, wajen fanka, wajen eriya, kowace an liƙe ta da danƙo, kullum kuma tana jijjiga a hanya. Da danƙon ya tsage sai ruwa ya bi ta cikin bango, katako ya ruɓe, ba wanda ya sani. In ta hannu za ka saya, hau rufin da kanka. Danna bango ta ƙasan taga, buɗe kabad ɗin sama ka shinshina, taka daɓen gaban banɗaki da ƙarfi. Ka ji laushi ko warin fumfuna, haƙura da ita komai arharta.

Taya ma tana ruɗin mutane, don motar da ta fi tsayuwa tayarta kan tsufa da sauran zanenta. A gefen kowace akwai jerin lambobin da ke farawa da DOT, dubi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako, biyun baya shekarar da aka yi ta. Sai nauyi. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, kuma tana cikin lissafin kayan da masana'anta ta ƙayyade.

Tunda mun shiga ruwa, tankuna uku ne, kuma ba sai mun bi launukan da Turawa suka sa musu ba, domin "baƙin ruwa" da suke kiran na masai ba zai gaya wa kowa komai ba. Tankin ruwa mai tsabta, tankin ruwan wanke-wanke, tankin masai. Na masai ba a barin bakinsa a buɗe ko da an jona shi da magudana, don ruwan zai tsiyaye ya bar tudu ya daskare. A bari ya kusa cika, a sake shi a karo ɗaya, sannan a saki na wanke-wanke ya ɗauraye tiyo.

Ɗan'uwanmu na Damagaram ya ce su "camping-car" suke ji a Faransanci, kuma yana neman sunan filin da motocin ke kwana. Yaya, wannan ai ba ya buƙatar ƙirƙira: zango. Inda fatake ke sauke kaya su kwana, sunan da har yau unguwanninmu a Kumasi da Accra ke amsawa. A zangon kuɗi ana ba ka ruwa da magudana da wuta, amfiya 30 ko 50, don haka san wadda motarka ke ɗauka kafin ka jona. Wanda ya yada zango a filin gwamnati, ba ruwa ba wuta sai sola da gas, mu ce yana zangon daji. A yawancin irin waɗannan filaye kwana 14 ne iyaka, sai ka ƙara gaba.

Ko adireshi sai an nema mata kamar kowane gida, saboda lasisi da inshora da zaɓe. Shi ya sa mazauna cikinta da yawa ke yin rajista a South Dakota ko Texas ko Florida, jihohin da ba sa karɓar harajin kuɗin shiga. Ƙungiyar masu irin waɗannan motoci mai suna Escapees, wadda aka kafa a 1978, tana karɓar wa mambobinta wasiƙu a Livingston ta Texas, ta tura musu duk inda suka sauka.

Saura guda da ban tsayar ba: babbar tirelar nan da wuyanta ke hawa kan bayan a-kori-kura a ɗaure shi a can, maimakon a maƙala ta a ƙugiyar baya. Direbobin tirela da makanikai, me kuke kiran farantin ƙarfen da ke riƙe bodi a kan mota? Daga bakinku za mu ɗauki sunanta.