Kwas na wata shida ya isa mutum ya zama mai nazarin tsarin kwamfuta?

Ƙanin Kowa:
Assalamu alaikum. Maganar da ke yawo tsakanin matasa ita ce wai digiri ɓata lokaci ne ga mai son aikin nazarin tsarin kwamfuta. Ka yi kwas na wata shida, ka karɓi satifiket, ka fara cin albashin dala. Ni dai na ga alamar gaskiya a ciki, domin hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta sa matsakaicin albashin wannan aiki a dala 103,800 a shekara a 2023. Manya, me kuka gani?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Lambar da ka kawo daidai ce, amma hukumar da ta fitar da ita ta kuma ce yawanci da digirin farko ake shiga aikin. An ɗauki rabin maganarta an bar rabi. Sannan albashin na mazaunin Amurka ne, kafin a cire haraji da inshorar lafiya. Mai son zuwa can ta bizar aiki ta H-1B kuwa, gurabe 85,000 ne ake kasaftawa a shekara, ta hanyar ƙuri'a, kuma sharaɗinta digiri ne ko abin da ya yi daidai da shi.

Hajiya Mai Lissafi:
Injiniya, ban yarda a mayar da digiri gwani ba. A fara tambaya tukuna, mene ne aikin? Mai nazarin tsari shi ne ke tsaye tsakanin masu harkar da masu rubuta manhaja. Ya zauna da ma'aikata ya ga yadda aiki ke tafiya a zahiri, ya zana shi mataki-mataki, ya rubuta abin da manhaja za ta yi a kowane hali, sannan ya tsara gwajin da zai nuna ta yi ko ba ta yi ba. Ga misalin da kowa ya sani: an sa kati a POS, an cire kuɗi, rasit ya ce ciniki bai yiwu ba. A tsarin ISO 8583 da ake aika saƙon kati da shi, na'ura na tura buƙata mai lamba 0200, banki ya amsa da 0210. A gurbi na 39 na amsar, 00 na nufin an amince, 51 babu isassun kuɗi, 91 bankin mai katin ba ya amsawa. To idan banki ya cire kuɗin amma amsar ta maƙale a hanya fa? Dole wani ya rubuta tun farko: daƙiƙa nawa za a jira, yaushe za a tura saƙon mayar da kuɗi, sau nawa za a maimaita shi, kuma yaya za a hana a mayar sau biyu. Wanda ya manta wannan sakin layi shi ya tara mutane a layin banki. Ɗalibi na iya gama shekara huɗu bai taɓa jin 0210 ba.

Malam na Tsangaya:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma hujjarki ta sari ɓangare biyu. Kwas na wata shida ma ba ya koyar da 0210. Abin da digiri mai kyau ke bayarwa shi ne tushen da ke sa mutum ya gane dalilin da ya sa amsa ke maƙalewa: rumbun bayanai, sadarwa tsakanin na'urori, da ƙa'idar cewa ciniki ko dai ya kammalu gaba ɗaya ko a warware shi gaba ɗaya.

Injiniya:
A kuma duba satifiket ɗin da ake kuri da su. Na IIBA, cibiyar masu nazarin harkokin kasuwanci ta duniya, hawa-hawa ne. ECBA ba ya neman gogewar aiki, shi ya sa masu ɗaukar ma'aikata ba sa ba shi nauyi sosai. CCBA na neman awa 3,750 na aikin nazari cikin shekara 7 da suka wuce. CBAP, wanda shi ne ke ɗaga albashi, na neman awa 7,500 cikin shekara 10, da awa 35 na horo, da mutum biyu da za su shaide ka. Raba 7,500 da awa 40 a mako, ka kusa shekara huɗu kana aikin. Ta ina ɗan wata shida zai samo su? ITIL 4 na matakin farko kuwa, wato satifiket ɗin tafiyar da ayyukan kwamfuta a ma'aikata, tambaya 40 ce, ka ci 26 ka wuce. Yana da amfani, amma ba shi zai sa a miƙa maka tsarin banki ba.

Baba Mai Ritaya:
Ku yara kuna ta zancen dala, a nan gida fa? Aikin gwamnatin tarayya ba a tambayar abin da ka iya sai an ga takardar digiri da ta bautar ƙasa. Mai digiri na farawa a mataki na 8. Mai HND kuma har yau yana fama da shingen ƙarin girma. Sannan akwai CPN, majalisar rajistar ma'aikatan kwamfuta da dokar 1993 ta kafa, wasu ma'aikatu na neman rajistarta idan an zo manyan muƙamai. Mai satifiket zalla ko ƙofar tantancewa ba zai gani ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Baba, wannan haka yake, na sallama a gwamnati da manyan bankuna. Amma kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya gwaji suke yi. A ba ka tebur biyu na bayanai a ce ka fito da cinikin da aka biya sau biyu ta SQL, wato yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi. Kuma hukumar Amurkar nan ba ta ce lallai digirin ya zama na kwamfuta ba. Akanta da ya shekara biyar yana daidaita lissafin banki, ya koyi SQL da zanen matakan aiki, ya fi sabon ɗan kimiyyar kwamfuta saurin kama kuskure. A gare shi kwas na wata shida ya isa, saboda yana da abin da zai ɗora shi a kai.

Ƙanin Kowa:
Hajiya, wane irin kuskure?

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙanana masu tsada. Lambar asusun banki lamba 10 ce, ta waya 11, kuma da yawa da sifili suke farawa. Idan aka ajiye su a matsayin adadi ba rubutu ba, sifilin farko ya tafi. Excel ba ya riƙe fiye da lamba 15 daidai, lambar kati kuwa 16 ce, sai ya mayar da ta ƙarshe sifili ba tare da ya ce uffan ba. Suna ɗaya a rubuta shi Muhammad a BVN, Mohammed a NIN, Muhammadu a takardar makaranta. Idan ba a rubuta ƙa'idar daidaita su ba, manhaja za ta ga mutum uku. Ga ƙ da ɗ da ɓ: rumbun da ba a saita shi a tsarin ajiye haruffa na UTF-8 ba sai ya mayar da Ɗanladi alamar tambaya. Kwanan wata ma haka, 03/04 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Malam na Tsangaya:
Irin wannan ne a 1999 ya ci kumbon NASA da aka tura duniyar Mars. Wani ɓangare na lissafi da ma'aunin fam, ɗayan na tsammanin niyuton. Injiniyoyi ne masu manyan digiri, don haka wannan maki na Hajiya ne, na ba ta.

Injiniya:
Ni ban ba ta duka ba. Akantan nata ai mai digiri ne. Maganar da aka kawo ta ɗan sakandare ce, shi kuma wata shida zai kai shi teburin taimakon masu amfani da manhaja ko gwajin manhaja, ya yi shekara biyu zuwa uku yana rubuta rahoton kurakurai kafin a bar shi ya rubuta buƙatun tsari. Shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da gwamnati ta fara a 2023 na iya buɗe wannan ƙofar ta farko.

Baba Mai Ritaya:
In zai bi ta nan, ya yi rajista a NOUN, jami'ar karatu daga gida, yana aiki yana karatu. Ranar da za a nemi takardar ba a yin sanarwa.

Ƙanin Kowa:
To Hajiya, SQL ɗin nan da wace manhajar rumbun bayanai zan fara, PostgreSQL ko MySQL?

Hajiya Mai Lissafi:
Duk wanda kwamfutarka ta ɗauka. Ka zuba layi 10,000 na cinikin ƙarya, ka cusa guda 50 masu maimaici, ka nemo su da umarnin GROUP BY da HAVING na SQL. In ka samu 49, kada ka tashi sai ka gano inda ɗayan ya ɓuya.