Littattafai da waƙoƙin ƙuruciya da ba a cika ambatonsu ba

Mai Nazari: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wane littafi, shiri ko waƙar ƙuruciya ce ta zauna muku a rai, alhali kuwa ba ku cika jin ana zancenta ba?

Dattijon Arewa: Wa alaikumus salam. Ni dai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo nake tunawa. Yana cikin littattafan da gasar rubutu ta 1933 ta haifar, amma da yake Ruwan Bagaja da Ganɗoki sun fi shi suna, sai ya zama da wuya ka ji matasa sun ambace shi, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Uwar Biyu: Gaskiya ne, Baba. Tawa kuwa waƙar reno ce da kakata take yi mana, wadda ban taɓa ganinta a rubuce ba. Baiti biyu kaɗai na riƙe, su nake rera wa 'ya'yana kullum da dare.

Mai Nazari: Don Allah, Hajiya, ki rubuto mana su nan, ko wani zai tuna da sauran.