Sabon ɗan wasa a mataki na 1, sauran tebur suna na 6: yaya kuka yi?

Mai Jan Wasa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina jan Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke zama jarumi a cikin labari ana jefa ƙwayar lido, fitowa ta biyar (bugun 2014), mutum huɗu, duk jarumansu sun kai mataki na 6. Yanzu ƙanin ɗayansu ya matsa sai ya shiga. Tsofaffin sun ce ya fara daga na 1, ya sha wuyar da kowa ya sha. Ni kuma tsorona, dodon da zai ɗan jijjiga su zai gama da yaron a bugu ɗaya. Wanda ya taɓa zama a irin wannan tebur ya ba mu labari.

Sarkin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ni aka yi wa haka. Mayaƙi mai jini 12, wato yawan ɓarnar da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, a tsakiyar manya. Sara ba ta gagare ni ba, domin bugun 2014 ba ya barin lambobi su yi tsalle: ƙarin ƙwarewa da ake sa wa jifan ƙwaya +2 ne a mataki na 1, +3 a na 6, ko a na 20 ma +6 ne kacal. Takobina yana samun dodo kusan yadda nasu ke samu. Inda gizo ke saƙa shi ne jini. Matsafin abokan gaba ya jefo Fireball, tsafin dunƙulen wuta mai ɓarnar ƙwayar lido takwas, wadda matsakaiciyar ɓarnarta 28 ce, kuma kusan haka ta fito. Jifan kaucewa bai ci ba. Doka ta ce idan abin da ya rage bayan jininka ya ƙare ya kai cikakken jininka, ba suma ba ce, mutuwa ce nan take. Sauran suka kakkaɓe riga suka ci gaba da faɗa, ni kuwa na koma cin gyaɗa ina kallo har aka tashi.

Dattijon Tebur: Yaran yanzu ba ku da haƙuri. A bugun 1981 da muke yi, duk wanda ya mutu daga na 1 yake farawa, ba gardama. Makin da mayaƙi ke buƙata don hawa mataki ninkawa yake: 2,000, 4,000, 8,000, 16,000. Kafin babba ya hau mataki guda, sabo ya kusa taddo shi. Naku ma ba laifi: daga na 6 zuwa na 7 maki 9,000 ne, alhali 6,500 sun isa su kai sabo na 5. Ku ba shi kwari da baka ya tsaya a baya.

Uwar Matsafa: Baba, da girmanka, amma tsayawa a baya ɗin nan ita ta kori ƙanwata daga teburinmu. Ta zo da ɗoki, sai ga shi kowa yana sara biyu a zagaye, tun da daga mataki na 5 mayaƙi ke samun sara ta biyu, ita kuma kibiya ɗaya take harbawa ta ɓuya bayan dutse. Ba ta mutu ba, gundura ce ta kama ta. Da wani ya zo daga baya sai na fara shi daidai da kowa, amma ba takobin tsafi, ba zobe, ba tarin zinare. Tsofaffin suka yi shiru, don dama abin da ke cin ransu shi ne a ga alamar sun riga shi. Sai dai na ba shi mayaƙi ne. Wanda bai taɓa wasa ba ka ɗora masa littafin tsafin mataki na 6, zagayensa kaɗai zai cinye muku dare.

Ɗan Birni: Mu Pathfinder, wani wasan irin wannan, bugu na biyu muke yi, na 2019, kuma can kada ma a gwada. Matakinka ake ƙarawa a kan jifanka da kariyarka, sannan duk jifan da ya wuce kariya da 10 mummunan bugu ne, ɓarna ninki biyu. Tazarar mataki biyu kawai muka gwada, abokinmu ya fi daɗewa a kwance fiye da a tsaye.

Mai Jan Wasa: Na gode ƙwarai. Zan fara shi a na 5, mayaƙi mai garkuwa, kayan kasuwa kawai. Yaya Uwar Matsafa, ke da maki kike hawar da su, ko kina cewa kowa ya hau tare idan an gama babi?

Uwar Matsafa: Tare, ƙanena. Amma idan ka bar shi a na 5, ba shi maki har ya taddo su, sannan ka haɗe su.